Littafin Kuza da Mutanen da Ba a Ambata Ba

Littattafan tarihin da muka saba karantawa galibinsu labarin sarakai ne, da yaƙe-yaƙe, da naɗin sarauta. Da wuya mutum ya ga wanda ya kula da talakan da ya shiga rami da diga. Saboda haka ya kamata mu duba wani littafi da Bature Bill Freund, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya wallafa a 1981. Sunansa da Turanci Capital and Labour in the Nigerian Tin Mines, watau labarin masu jari da leburori a filin kuza na Jos.

Mu Sakkwatawa, abin da ya fi shafarmu a cikinsa shi ne zancen Yaƙin Hitila. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙar kuza mai yawa. Sai Gwamnati ta sa doka a riƙa ɗebo mutane ala tilas daga lardunan Arewa, har da Lardin Sakkwato. En'e ta yanka wa hakimai adadi, hakimai suka yanka wa dagatai, dagatai kuwa suka faɗa wa marasa galihu. Kafin a soke dokar a 1944, an ɗebi mutum wajen 100,000.

Marubucin ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen bayyana abin da suka tarar. Mutumin da ya tashi cikin zafin Rima an kai shi kan dutse cikin jaura, ba bargon kirki, abinci bai isa ba, lada kaɗan, bukkoki cunkus. Ciwon haƙarƙari da sauran cututtuka suka yi ta kisa, waɗansu suka gudu. Ya kuma nuna cewa ƙarin kuzar da aka samu bai kai ko kusa da wahalar da aka sha ba. Nan lalle ya cancanci yabo, don bai rufa wa kamfanoni asiri ba, bai kuwa rufa wa En'e ba.

Amma littafin yana da aibi biyu. Na fari, yawancin hujjojinsa daga takardun Gwamnati da na kamfani suka fito. Takardun nan kuwa lissafi suka sani: an kawo kaza, kaza sun gudu, kaza sun mutu. Ba su san sunan mamaci ba, balle matarsa da ta shiga takaba, ko gonarsa da ta kwana ba shuka. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, da Turanci mai tsauri aka rubuta shi, jikokin waɗanda aka ɗiba ba su iya jin daɗinsa.

Mu dubi Inugu, garin kwal. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wa leburorin ramin Iva wuta suna cikin neman hakkinsu, suka kashe 21, suka raunata 51. Aka kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, aka buga rahoto, daga baya aka kafa musu abin tunawa a cikin gari. Har yau ana juyayinsu. Namu da suka mutu a filin kuza sun fi su yawa nesa, amma da yake ɗaiɗai suka mutu, ba ƙarar bindiga, sai aka manta.

To, ku da kuka yaƙi jahilci kuka iya riƙe alƙalami, ga aiki. Waɗanda aka ɗiba kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, amma 'ya'yansu suna nan, a Gidan Dahala da sauran unguwanni da ƙauyuka. Ku tambaye su sunan wanda ya tafi, da garinsu, da ko ya komo. Ku rubuta da Hausa. Bature ya ƙidaya mana su, saura mu kira sunayensu.