Littafina a Gidan Wani

'Yan uwana mata, kwanakin baya ƙawata ta turo min wani shafin intanet, wai in karanta labari mai daɗi. Ina buɗewa sai ga littafina, wanda na yi wata bakwai ina rubutawa in yara sun yi barci. An cire sunana, an cusa talla tsakanin babi da babi. Abin da ya fi ƙona min rai, babin ƙarshe babu shi, masu karatu sai zagin marubuciya suke, wai ta bar amarya kwance a asibiti!

Da can, mai ba da hayar littafi ko ba komai sai ya sayi kwafi ɗaya. Wannan kuwa ko sisi.

Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ta ba marubuci damar rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafin ya sauke kayan sata. Na rubuta, an sauke. To ke Yaya, da kika watsa shi a WhatsApp har kina sa wa ɓarawon albarka, ke kuma ina zan kai ƙararki?