Karatu ta Wayar Salula da Insha'in Muhawara ga Masu Koyon Hausa a Matsayin Harshe na Biyu: Sharhi

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1981, ta tanadi cewa ɗalibin ƙaramar sakandare ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, wato Hausa da Igbo da Yarabanci, baya ga harshensa na gado. Ƙarancin littattafai ya daɗe yana yi wa wannan tanadi tarnaƙi, musamman a makarantun kudu. Tun daga 2001 da wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya, an yi ta ba da shawarar ta cike wannan gurbi, har wasu na ganin karatu ta waya zai inganta insha'in muhawara. Wannan ra'ayi ne muka ɗora bisa ma'auni.

2.0 Madogarar Ra'ayin

Masu wannan ra'ayi sukan dogara da Krashen, wanda ya nuna cewa ana mallakar harshe ta hanyar yawan ji da karanta abin da ake iya fahimta. Sukan kuma kafa hujja da rahoton UNESCO na 2014 kan karatu ta waya a ƙasashe bakwai, ciki har da Nijeriya. Haƙiƙa rahoton ya nuna cewa waya tana kai karatu inda littafi bai kai ba. Sai dai ɗabi'ar karatu ya bincika, bai auna ingancin rubutun kowa ba.

3.0 Raunin Ra'ayin

Na farko, iya karatu bai wadatar da rubutu ba. Swain (1985) ta lura cewa ɗaliban Kanada da aka koyar da su da Faransanci shekara da shekaru suna fahimta sosai, amma maganarsu da rubutunsu sun kasa kai wannan matsayi. Gani ba ci ba ne, in ji Bahaushe.

Na biyu, muhawara gini ce. Toulmin (1958) ya nuna tana buƙatar iƙirari da hujja da dalilin da ya haɗa su, sannan da martani ga mai suka. Galibin Hausar da ake samu a waya kuwa labarai ne da ƙagaggun littattafai da hirarrakin Facebook da WhatsApp. Ɗalibi zai tara kalmomi, amma da wuya ya ga yadda “duk da cewa” ko “sai dai” ko “saboda haka” suke juya akalar hujja.

Na uku, akwai matsalar ƙa'idojin rubutu. Masu rubutu ta waya sukan bar ɓ da ɗ da ƙ babu lanƙwasa, sai “baƙi” ya koma “baki”, “ƙafa” ta koma “kafa”. Sukan kuma rubuta “yace” maimakon “ya ce”. Bahaushe zai gane nufi daga muhallin magana. Yaron Aba ko Ibadan kuwa, da ma rubutun Hausa bai nuna masa karin sauti da tsawon wasali ba, sai ya haddace kuskuren a matsayin daidai.

4.0 Shawarwari

Ba mu ce a yi watsi da waya ba. Muna ba masu tsara manhaja shawara su tanadi gajerun matanai na ra'ayi da aka tace, biyu-biyu masu karo da juna a kan batu guda, misali amfanin makarantar kwana da illarta. Malami ya sa ɗalibai su fitar da iƙirari da hujja da martani daga kowane matani, su yi muhawara da baki, sannan su rubuta nasu da hannu a gyara musu. Inda babu waya ga kowa, a buga matanin a takarda, domin kada ɗan talaka ya rasa darasin.

5.0 Kammalawa

A ganinmu, waya tana sauƙaƙa samun matani, amma zaɓensa da horon rubutu suna wuyan malami. Kafin a shigar da wannan dabara cikin manhaja, ya kamata a gwada ta a aji, a kwatanta insha'in waɗanda suka bi ta da na waɗanda ba su bi ba.