Wayo ko Nishaɗi? Tsokaci a Kan 'Yan Takarar Big Brother Naija

Duk shekarar da aka buɗe gidan Big Brother Naija, sai gardama ta kaure a ɗakunan kwanan ɗalibai. Wasu su ce wane ya cancanci nasara domin ya iya nishaɗantarwa, wasu kuwa su ce wance ce ta fi, domin ta iya shirya dabara. Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce mu nuna cewa masu wannan gardama sun manta da tambaya guda, wato wa ke riƙe da alƙalancin gasar?

Bari mu fara da abin da ya faru a shekarar 2021. Whitemoney ya kama madafa tun farkon zaman, shi ne girki, shi ne rabo. Da Pere ya zama shugaban gida sai ya janye shi daga madafar, bisa zargin cewa girkin nan dabara ce ta sayen zukatan 'yan gida don kada su miƙa sunansa ga kora. A ganinmu zargin yana da ƙamshin gaskiya, domin in baki ya ci, ido kan ji kunya. Sai dai Pere ya yi lissafi da mutanen da ke cikin gida, ya bar miliyoyin da ke gaban talabijin, alhali su ne masu jefa ƙuri'a. Su kuwa abin da suka gani shi ne mai mulki ya taka mai ciyar da jama'a. Whitemoney ya tashi da kyautar da darajarta ta kai Naira miliyan 90, Pere ya ƙare a na uku. Ko girkin dabara ne ko hali, ba a taɓa kama shi yana ƙulla shi ba, kuma nan ne gwanintarsa take.

Domin mu gane tasirin alƙali, sai mu leƙa shirin Survivor na Amurka, inda waɗanda aka kora ne ke zaɓen zakara. A shekarar 2000 Richard Hatch ya ƙulla ƙawance, ya yi ta fitar da abokan takara, kuma waɗanda ya fitar ɗin suka ba shi Dala miliyan ɗaya da ƙuri'a huɗu a kan uku. A can ana iya yin wayo a fili a ci riba. Amma ko can ɗin da iyaka. Russell Hantz ya wuce gona da iri wajen yaudara a 2009, masu kallo suka ji daɗinsa ƙwarai, waɗanda ya yaudara kuwa suka juya masa baya suka zaɓi Natalie White.

Mu da muka tashi da tatsuniya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Muna son Gizo da wayonsa matuƙar muna zaune a gefe muna sauraro. Da gonarmu ya shiga, da labari ya sha bamban.

Haka kuma ba mu yarda da masu cewa tayar da ƙura kaɗai ya isa ba. Tacha tana cikin waɗanda aka fi magana a kansu a 2019, amma faɗanta da Mercy Eke ya sa aka sallame ta ana dab da kammalawa, Mercy ta zama mace ta farko da ta ci gasar. A 2020 Erica ta bi sahu bayan ta zazzaga wa Laycon zagi. Laycon bai rama ba, ya yi shiru ya bar masu kallo su rama masa, kuma shi ya ɗauki kyautar shekarar.