Waiwaye kan Lissafin Charney

A shekarar 1975, bayan farin da ya ƙarar da dabbobi a Sahel, Jule Charney, masanin yanayi ɗan Amurka, ya fito da wani lissafi mai ɗaukar hankali. A ganinsa, idan kiwo ya cinye ciyawa ƙasa ta koma fako, sai ta riƙa mayar da hasken rana sama. Iska ta huce ta sauko, hadari ya kasa haɗuwa, fari ya haifi fari.

Kyan lissafin yana cikin sauƙinsa, illarsa ma a nan take. Kafin ya tafi daidai, sai da aka ajiye sauyin teku gefe, aka mayar da makiyayi tamkar baki mai cin ciyawa kawai. Hasashe ne, amma masu tsara ayyukan karkara da dama suka karɓe shi kamar hukuncin alƙali, laifi ya sauka a kan Fulani da Abzinawa. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna a mujallar Science cewa zafin tekuna ne babban mai juya daminar Sahel.

Sai dai sabon lissafin ma bai san da manomi ba. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suke barin tohon kututture a gonakinsu, har itatuwa suka dawo a kimanin hekta miliyan 5. Gawo ya yi yawa a cikinsu, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana.