Yadda Aku Ya Tsare Musa: Tsokaci Kan Wa'azi a Littattafanmu

'Yan uwana marubuta, akwai wata al'ada da ta yi mana katutu, wadda ya kamata mu duba ta da idon basira. Marubuci zai ɗauko labari mai daɗi, sai ana tsakiyar tafiya ya dakatar da taurarinsa, ya hau mumbari, ya cika shafi uku da "ya ku iyaye" da "ya ku 'yan mata". Niyyar tana da kyau, amma mai karatu tsallake shafukan yake yi ya je inda labari ya ci gaba. Ashe ke nan saƙon ya faɗi ƙasa banza.

Malaman balaga sun daɗe da bayyana cewa magana ba ta cika sai ta dace da halin wanda ake yi wa ita. Haka kuma masanin Girka Aristotil, tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kasa hanyoyin shawo kan mutum gida uku: mutuncin mai magana, da ƙarfin hujjarsa, da iya taɓa zuciyar mai sauraro. Mai dogon wa'azi a cikin labari yakan rasa duka ukun, domin kuwa mai karatu bai san shi ba balle ya girmama shi, umarni kuma ba hujja ba ne, sa'an nan zuciya ba ta motsawa don an ce ta motsa.

Mu dubi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937. Musa ɗan Sarki ya ƙudurta fita daga gida, alhali Waziri ya ɗana masa tarko. Da Aku ya tsaya yi masa faɗa, da yaron ya yi tafiyarsa. Sai ya karanci halin matashi mai son jin labari, ya riƙa jan sa da tatsuniya dare bayan dare har gari ya waye. Da wannan dabara ya ceci ransa.

Haka Balaraba Ramat Yakubu ta yi a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. Muna ganin Rabi da idonmu, an kore ta da 'ya'yanta, tana sayar da abinci don ta ciyar da su. Duk wanda ya bi ta cikin wannan wahala zai yanke wa mijinta hukunci da kansa, kuma hukuncin da mutum ya yanke da kansa shi ne yake zama a ransa.

Saboda haka, kafin ka kai littafinka maɗaba'a, ka ja layi ƙarƙashin duk wurin da ka yi wa mai karatu magana kai tsaye, ka tambayi kanka ko wani tauraro zai iya nuna wannan darasi a aikace. In zai iya, to ka bar masa. Allah ya sa mu dace, amin.