Gonar da Ba Ta San Fari Ba: Sake Nazarin Jigon Stardew Valley

Wannan takarda tsokaci ce a kan wani wasan kwamfuta mai ɗauke da labari, wanda na taɓa shaƙuwa da shi ƙwarai lokacin ina ɗalibi a Zariya. Sunansa Stardew Valley. Ba babban kamfani ne ya yi shi ba. Wani Ba'amurke ne, Eric Barone, ya tsara zanensa da kiɗansa da labarinsa shi kaɗai, ya fito da shi a 2016.

Jigon wasan shi ne gudun birni. Tauraro ma'aikaci ne a kamfanin Joja, aikin ofis ya ishe shi, sai ya buɗe wasiƙar kakansa, ya tarar an bar masa gadon gona a ƙauyen Pelican. Wannan jigo ba baƙo ba ne a adabinmu, domin Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo (1978) ma gargaɗi yake yi ga samarin da ke barin ƙauye su tafi birni. Bambancin yana wajen zubi. Mai karanta littafi ji yake yi, shi kuwa mai wasa da hannunsa yake huɗa, ya yi shuka, ya ba da ruwa kullum har ƙarfinsa ya ƙare. A nan gwanintar Barone take, kuma har yanzu ban ga abin kushewa a ciki ba.

To, amma da na koma wa wasan bayan na fara koyarwa, ina kuma ɗan taɓa noman masara a hanyar Malumfashi, sai na ga abin da ido bai gani ba a da. Gonar nan ba ta san fari ba. Kowane yanayi kwana 28 ne cif, babban abokin gabar manomi kuwa hankaka ne, wanda mutum-mutumi ke kora. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani akwati da ke gefen ɗaki: manomi ya zuba amfaninsa kafin ya kwanta, da safe ya tarar da kuɗinsa bisa tsayayyen farashi. Ba dillali, ba awo, ba bashin taki. Wanda ya taɓa kai masara kasuwar Dandume da kaka, ko ya tuna yadda cinikin auduga ya ja baya a Funtua, ya san cewa labarin manomi yana cikin abin da akwatin nan ya haɗiye ne. Ashe mai wasan ya cire rikici, alhali rikici shi ke tafiyar da labari.

Ana iya cewa nishaɗi aka nufa, ba tarihi ba. Na yarda. Sai dai ƙauyen da ake gudu zuwa gare shi don neman kwanciyar hankali ya yi nisa da ɗalibaina na Faskari da Sabuwa, waɗanda 'yan bindiga suka raba iyayen wasunsu da gonakinsu. Su kam birni suka gudo.

Abin da ya rage mini a wasan yanzu maƙwabta ne, musamman Kent, sojan da ke dawowa daga yaƙi a shekara ta biyu, wanda ƙarar fashewar gugguru a ɗakin girki ke firgita shi. A da ko kula shi ba na yi.