Jan Lokaci a Kiɗan "Le Banquet céleste" na Messiaen

A shekarar 1928 Olivier Messiaen, Bafaranshe, yana ɗalibi ɗan shekara 19 a Paris, ya tsara wani gajeren kiɗa domin ogan, watau babban abin kiɗan nan na majami'u mai bututu masu yawa, wanda ake taɓawa da hannu da ƙafa. Ya sa masa suna "Le Banquet céleste", ma'ana Liyafar Sama, yana nufin jibin Ubangiji na addinin Kirista. Gaɓoɓinsa 25 ne kacal a rubuce, amma kaɗa shi kan ci wajen minti bakwai. A wannan jinkiri ne halin kiɗan yake.

Ogan ba ya numfashi. Muddin yatsa na kan mataɓi, sauti na nan yadda yake, ba ya dusashewa kamar na tsirkiya. Wanda ya taɓa sauraron mai algaita yana riƙe busa ba yankewa zai gane abin nufi. Messiaen ya ɗora kiɗan kacokan a kan wannan ɗabi'a. Haɗin sautuka na farko shi kaɗai kan daɗe har kunne ya daina jiran na biyu, kuma da zarar jira ya gushe, kari ya ɓace wa mai sauraro. Bugu da ƙari, tsanin sautin da ya yi amfani da shi mai hawa takwas ne, gajeren taki na bin dogo bi da bi. Irin wannan tsani ba ya jan kunne zuwa masauki guda, don haka sautukan sai su yi ta jujjuyawa a wuri ɗaya. Ko a ƙarshe ma, kan haɗin da bisa al'ada ke neman a sauke shi aka tsaya, aka bar shi a rataye.

Motsi na zahiri daga ƙafa yake zuwa. Can cikin kiɗan sai matakan ƙafa, waɗanda aka saba ji da ruri, su shigo da siririyar murya, ɗai-ɗai, a gutsure. Mai kiɗan da kansa ya kwatanta su da ɗigon ruwa. Nan ne gwanintar ta fi fitowa, domin ɗigon ne ke auna wa kunne tsawon shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa.

Sai dai akwai abin suka. Muryar da aka zaɓa wa hannuwa mai kaɗawa ce, mai zaƙi, kuma a hannun makaɗi marar kamewa zaƙin kan yi yawa har ya gundura. Gaggawa ta fi wannan ɓarna. Makaɗa sun yi ta hanzarta kiɗan, har a bugun 1960 Messiaen ya ninka tsawon alamomin sautin a rubuce domin ido ma ya ga jinkirin.